Sunan da Inna Ba Ta Kamawa

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, saboda haka ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. Wanda ya tashi a irin gidanmu ba ya bukatar bayani. Wanda bai tashi ba kuwa, ga yadda abin yake: uwa tana jin kunyar ɗanta na fari. Ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in da hali ma ba ta haɗa ido da shi. Matan yanzu da yawa sun sassauta, wasu sun watsar gaba ɗaya. Inna ba ta rage ko ƙwayar zarra ba. Tana da jinin Fulani ta wajen uwa, kuma ta riƙe abin kamar farilla.

Ana yaye ni aka kai ni wajen kakata, a can na girma. In na zo gida hutu, sunan ƙanwata nake ji tun asuba, ana kira, ana faɗa, ana lallashi. Ni kuwa rabona shi ne "an". "An zo?" "An ci abinci?" Ta faɗa tana kallon murhu ko tana tsince shinkafa, ka rasa da kai take ko da bango. Ina ɗan firamare na faɗo daga katangar gidan kakata, girata ta hagu ta tsage, aka kai ni aka ɗinke. Washegari Inna ta zo. Ta zauna a tabarma ta gaida kakata, ta tambayi awaki, ta tambayi maƙwabta, ni ina gefe da ƙaton bandeji a fuska ina jira a zo kaina. Ba a zo ba. Ta yi sallama ta tafi. Kowa ya ce mini kara ce, ni ma da baki na yarda. A zuci kuwa na girma da tambaya ɗaya da ban taɓa yi wa kowa ba: shin a bayan shirun nan akwai wani abu nawa, ko dai babu komai?

Karatu ya kawo ni London, aiki ya zaunar da ni. Kamfaninmu ƙarami ne, a saman wani bene kusa da tashar Stratford. Manhaja muke sayar wa masu gyaran gidajen haya: famfo ya fashe, na'urar ɗumama ɗaki ta mutu, a tura ma'aikaci, a sanar da mai ɗaki, wato ɗan hayar, ranar da za a zo. Kowane kamfanin gyara da irin dokokinsa, don haka muka ƙirƙiri wani ɗan ƙaramin yaren kwamfuta da za su riƙa rubuta dokokin da kansu. Mu biyu aka ɗora wa tsara yadda za a riƙa rubuta yaren, ni da wani Bature ɗan Poland, mutumin kirki, mai son gajeren rubutu kamar da jininsa ake yin tawadar.

Abin da ya tsaya mana a wuya shi ne babu. A sana'armu ana ce masa null. Manhaja za ta miƙa hannu ta ɗauko lambar wayar mai ɗaki don ta aika masa saƙo, sai ta tarar da wurin wayam. Mutum in ya tarar da haka zai dakata ya yi tambaya. Kwamfuta ba ta da wannan hankalin. Za ta karɓi babun da hannu biyu, ta yi ƙoƙarin aika masa saƙo, daga nan ta faɗi warwas ta tafi da aikin ranar gaba ɗaya. Ya taɓa faruwa da mu a tsakiyar hunturu. Saboda gida ɗaya da ba shi da lamba, ma'aikata suka wayi gari ba wanda ya san inda zai nufa.

Abokin aikina ya kawo maganinsa, wanda ba shi ya ƙirƙiro ba, yaruka da yawa suna da shi. Inda ake sa ɗigo tsakanin "mai ɗaki" da "waya", a sa alamar tambaya kafin ɗigon. Ma'anarta, in akwai a ci gaba, in babu a tsallake shiru a wuce gida na gaba. Alama ɗaya tak, manhaja ta daina faɗuwa. Ni kuwa na ƙi ta ƙememe. Na ce gara faɗuwar, don in ta faɗi kowa zai ji ƙara. Da alamar nan tasa, wata tsohuwa za ta zauna cikin sanyi ba a sanar da ita komai ba, ma'aikaci ya zo ya ƙwanƙwasa ya tarar ta fita, kuma ba inda za a ga an yi kuskure. Nawa tsarin shi ne, duk wanda ya taɓa abin da zai iya zama babu, dole ya rubuta layi biyu: in akwai a yi kaza, in babu a yi kaza. In ya bar na biyun, manhajar da ke tantance rubutu kafin a sake shi ya yi aiki ta ƙi karɓa.

"Waɗanda za su rubuta abin nan ba irinmu ba ne," in ji shi. "Ma'aikatan ofis ne, waya na ƙara a kunnensu. Ka cika musu shafi da in akwai in babu, za su tsane mu."

Gaskiya ya faɗa, kuma gaskiyar ce ta fi ba ni haushi. Muka yi makonni muna kai ruwa rana a gaban farin allo, ya zana in goge, in zana ya goge. Wata rana ya ajiye alƙalami ya dube ni ya ce bai taɓa ganin mutumin da shiru ke ɓata wa rai kamata ba. Na yi dariya, na ce shayi zan haɗa, ko yana so.

Ana cikin haka Inna ta zo. Yanar ido ce ta dame ta, na yi mata takardu don a duba ta a nan. Ta sauka da jaka shaƙe da kuka da daddawa da yaji, har sai da na yi mamakin yadda aka bar ta ta wuce da su. Muka zauna mu biyu a flat ɗina na Whitechapel, ba kaka, ba ƙanwa, ba wanda za a aika da magana. Da ina da ɗa da ta samu mafita, ta riƙa cewa baban wane. To a lokacin ko aure ban yi ba, kuma wannan ma wani laifin ne da ba za ta iya faɗa mini kai tsaye ba. Ranar da gishiri ya ƙare a kicin, ƙanwata ce ta kira ni daga Kano ta sanar da ni.

Na ji ciwon abin fiye da yadda na zata. Ina yaro akwai mutane tsakaninmu, shirun yana ɓacewa cikin hayaniyar gida. A nan kuwa daga ni sai ita sai ƙarar jirgin ƙasa. In na shigo da yamma ta ce "An dawo?" tana kallon taga. In ce an dawo. Ta tura mini kwano ta tashi ta shiga ɗaki. Mutum mai gemu, mai biyan haraji a ƙasar wasu, ina zaune ina cin tuwo ina jin kamar yaron nan mai bandeji.

Bayan an yi mata aikin ido ta fara gani tar, sai ta ƙi zaman gida. Ta koyi hanyar kasuwar bakin titi da kanta, ba da sunan layi ba, da alamu: mai kifi, masallaci, mai lemo. Na saya mata waya, na sa lambata a sahun farko, na nuna mata inda za ta danna. Ta karɓa ta yi wa iska godiya, ta ajiye ta a kan firji, a nan wayar ta tare.

Ranar da abin ya faru an wuni ana yayyafi. Muna ɗakin taro da shugabar sashenmu, wadda ta gaji da mu ta ce yau sai an yanke hukunci. Ina tsaye ina tada jijiyar wuya sai wayata ta yi ta motsi a aljihu. Na duba na ga mai abincin da nake sayen tuwo a wurinta da rana, wata 'yar Ghana mai ɗan shago a bayan tasha. Na ɗauka maganar abinci ce, na share. Ta sake kira, ta kuma sake. Na nemi izini na fita.

"Alhaji," in ji ta da Hausarsu ta zango, wadda ba ruwanta da bambanta mace da namiji, "kai ne ba ka cin kuɓewa, ko?"

Na ce ni ne, amma yau na yi cancel ɗin abincin rana, ina meeting.

"Bar meeting. Mamanka ya faɗi a kasuwa, yana asibiti. Ka tafi yanzu."

Na fita a guje. Ban tuna na ɗauki rigar sanyi ba, ban kuma tuna yadda na shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa ba.

A asibitin wata nas ta tare ni, ta kwantar mini da hankali. Santsi ne ya kwashe Inna a bakin titi, ta dafa ƙasa da hannun hagu, wuyan hannun ya karye. Masu kasuwa suka kira motar asibiti. An riga an yi mata ɗori irin nasu, farin filasta daga tafi zuwa kusa da gwiwar hannu. Nas ɗin ta ce tun safe take nan. Sun samu sunanta, amma da aka zo kan wa za a kira, sai ta yi gum. Suka bar gurbin a kwamfuta ba komai, suka ɗauka baƙuwa ce marar kowa a garin, har sun fara shirin neman wanda zai kula da inda za ta kwana. Ban ga laifinsu ba. An yi tambaya, ba a samu amsa ba, kuma akwai marasa lafiya cike da ɗaki suna jira.

Kafin in shiga wurinta wata mata mai kayan masu shara ta tsayar da ni a baranda. Ta ƙare wa fuskata kallo, ta tsaya a kan girata, ta yi dariya.

"Kai ne," in ji ta. "Wallahi kai ne."

Ita ma 'yar zango ce, 'yar'uwar mai abincin. Ta ce tana goge ƙasa ta ji tsohuwa na salati da Hausa a bayan labule, sai ta leƙa.

"Na ce, Mma, kana da mutum a nan? Ya ce akwai. Na ce wane ne? Ya ce wanda nake wurinshi. Na ce sunanshi? Ya juya kai ga bango. Na roƙe shi, na ce Mma ka faɗi suna kawai, in sa a group na mutanenmu, yanzu a same shi. Ya ƙi. Na ce to, in ba suna, faɗa mini yaya yake. Ɗan'uwa, daga nan fa bai tsaya ba."

Ta jingina sandar gugarta da bango ta shiga lissafa mini kaina kamar yadda Inna ta faɗa mata. Wai dogo ne amma yana ranƙwafawa irin na ubansa. Yana da tabo a girar hagu, daga katanga ya faɗo, kuma wanda ya ɗinke bai iya aiki ba, ya ja fatar sama. In yana tunani yana murza kunne. Yana tari da safe in ana sanyi, amma ba ya sa hula, taurin kai gare shi. Aikin kwamfuta yake, kuma kwanan nan wani abu na damunsa a wurin aikin, don yana magana shi kaɗai in yana wanke kwanuka. Ba ya cin kuɓewa, ɗanya ko busasshiya, tun yana goye in ta ci miyarta sai ya ƙi kama nono.

Matar ta ce tana jin kuɓewa da kwamfuta ta kira 'yar'uwarta, don duk Bahaushen da ke aiki a gabashin garin nan ya taɓa cin tuwonta, kuma ta san abin da kowa ba ya ci.

Na tsaya a barandar nan. Jakar da Inna ta zo da ita ce ta faɗo mini a rai. Duk gidanmu an san ba miyar da take so kamar ta busasshiyar kuɓewa, kuma a jakar nan mai cike da kayan miya babu ko ƙulli ɗaya nata. Na ci tuwo da miyar kuka wata da watanni ban lura ba. Hawaye ya zo mini, na juya na yi kamar ina karanta wata sanarwa a bango.

Na shiga. Tana kishingiɗe, hannun a ɗaure a ƙirji, ta yi ƙanƙanta a gadon. Tana jin takuna ta mayar da ido kan labule.

"An zo?"

"An zo, Inna." Na zauna. Haushi da tausayi suka haɗe mini wuri ɗaya, haushin ya riga fita. "Inna, tun safe fa. Da kin faɗa musu sunan kawai, da tuni ina nan. In da abin ya fi haka fa?"

Ta gyara mayafinta da hannu ɗaya.

"Ai ga shi an zo," in ji ta.

Da na koma aiki na tarar shugabarmu ta ɗage hukuncin saboda ni. Na je gaban allo na goge layukana biyu da na yi makonni ina kare su, na rubuta uku: in akwai, in babu, in ba a faɗa ba. Na ce duk mu biyun mun yi kuskure ɗaya, mun ɗauka gurbi marar komai abu ɗaya yake nufi. Akwai mai ɗakin da ba shi da waya. Akwai wanda ba a tambaya ba. Akwai kuma wanda aka tambaya ya yi shiru don dalilinsa, tsoro ko kunya ko wani abu da ba mu sani ba. Na farkon ne kawai babu. Sauran biyun, abin da ya dace yaren ya tilasta shi ne a koma a sake tambaya, ko a tambaya ta wata hanya.

Abokin aikina ya dafe kai. "Ka tafi da layi biyu, ka dawo da uku," in ji shi. "In mahaifiyarka ta sake faɗuwa, littafi za mu rubuta."

Na ba su labarin a taƙaice, ban da maganar nono. Ya tambaye ni ko da gaske ba ta taɓa kiran sunana ba. Na ce ko sau ɗaya. Ya ce tasa mahaifiyar tana kiran nasa har ya gaji, amma bai tabbata ta san abin da ba ya ci ba.

Ban ci nasara ba, ko in ce rabi na ci. Layi na uku bai shiga yaren ba. Shugabarmu ta ce bayanan da kamfanoni ke turo mana ba su bambanta shirun mutum da rashin waya, ba mu da inda za mu samo bambancin, kuma ita ma gaskiya ta faɗa. Alamar tambayar abokina ta shiga. Abin da na samu shi ne ba a barinta ta tsaya ita kaɗai. Duk wanda ya sa ta, dole a ƙarshen layin ya rubuta abin da za a yi in an tarar da wayam, ko da kalma ɗaya ce. In tsallakewa yake so, ya rubuta "tsallake" da hannunsa, sunan gidan kuma ya fito a gaban wani mutum mai rai kafin a tashi aiki. Masu amfani da yaren sun yi ƙorafi na ɗan lokaci, daga baya suka saba. Har yau in na ga kalmar nan a rubutun wani, nakan ji daɗi cewa aƙalla ya tsaya ya yi tunani kafin ya wuce.

A gida kuwa wata matsalar ce ta taso. Hannun hagu ne ke riƙe buta, kuma shi ne a ɗaure. Inna ba ta yarda da alwala a bakin famfo ba, ta ce ruwan yana zuba kamar ba a san darajarsa ba. Kwanakin farko ta yi ta fama ita kaɗai, tana maƙale butar a hammata, tana jiƙa filasta da zani. Ba ta nemi taimako ba, ni ma na san ba za ta nema ba, kuma wannan karon ko ƙanwata ba ta kira ba.

Ranar wata Asabar da azahar na ji ta tana kokawa da butar a banɗaki, ƙofa a buɗe. Na je na tsaya. Na miƙa hannu na karɓi butar. Ta yi kamar za ta tashi ta bar mini wurin. Can ta miƙo hannun dama, fuskarta na kallon bango.

Na durƙusa na zuba mata. Ta wanke hannu, ta kurkure baki, ta shaƙa ruwa, ta wanke fuska. Tun da aka yaye ni ban taɓa kusantarta haka ba. Na ga furfurar da ta leƙo ta gefen ɗankwali, na ji ƙamshin man da take shafawa, irin wanda ke ɗakinta a Kano. Na sunkuyar da kai ina jira ta miƙo hannu a ci gaba.

Sai na ji babban yatsanta a jiƙe a kan girata ta hagu. Ta bi tabon a hankali daga farkonsa zuwa ƙarshe, ba ta ko lalube ba, ta san inda yake.

"Har yanzu bai ɓace ba," in ji ta, idonta na kan bango.

Ta janye hannun, ta buɗe tafin a ƙarƙashin bakin butar.

"A zuba ruwan, lokaci na wucewa."

Na zuba.